Tarkacen saƙonni a akwatin imel: a sauya adireshi ko a tsaya a gyara?

Tsohon Malami:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, ina neman shawararku a kan wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Adireshin imel ɗin da nake amfani da shi ɗana ne ya buɗe mini tun ina bakin aiki, yau shekara 14 ke nan, kuma da shi aka san ni a banki da ofishin fansho da wajen tsofaffin ɗalibaina. A shekarun farko idan na buɗe akwatin nakan tarar da saƙo biyu ko uku, kuma duk na san masu su. Yanzu kuwa saƙonnin da ban karanta ba sun haura 6,000, kama daga tallan maganin rage tumbi, zuwa albishir ɗin cewa na ci gasar da ban taɓa shiga ba, har da masu barazanar rufe mini asusu a bankin da ban taɓa taka ƙofarsa ba.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne, watan jiya an aiko da saƙon tantance 'yan fansho, ban san da shi ba sai da wa'adi ya wuce, sai da na yi tattaki har sau biyu kafin a gyara mini. Na yi iya abin da na sani. Nakan amsa wa masu turowa cikin ladabi in roƙe su su daina, kuma duk inda na ga kalmar unsubscribe a ƙasan saƙo nakan latsa ta. Maimakon abin ya ragu, sai ƙaruwa yake yi. Shin in watsar da adireshin in buɗe sabo ne, ko kuwa akwai magani?

Mai Kafe a Samaru:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya. Shekarata 11 ina riƙe da shagon intanet, kuma abin da nake gaya wa duk wanda ya kawo mini wannan kuka shi ne kada ya kuskura ya sake taɓa kalmar nan, domin latsa ta daidai yake da ka leƙo ta taga ka shaida wa ɓarawo cewa akwai mutum a gidan. Adireshin da ya riga ya shiga hannun waɗannan mutane ba ya fita, saboda sayar da shi suke yi a tsakaninsu. Shawarata ita ce ka buɗe sabo, minti biyar ya isa, ka sanar da bankinka da iyalanka, ka bar tsohon ya ci kansa.

Injiniya:

Baba, barka da warhaka, Allah ya sa an biya haƙƙin fanshon. Malam Mai Kafe ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi amfani. Aikina kula da uwar garken imel ta wata ma'aikata ne, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da tura saƙonni, don haka kullum da wannan tarkace nake kwana nake tashi, kuma abin da na fahimta shi ne mutane suna zuba abubuwa biyu mabambanta a ƙwarya ɗaya, sannan su nemi magani ɗaya.

Kashi na farko shi ne tallan kamfanoni da ƙungiyoyi na gaskiya, waɗanda kai da kanka ka ba su adireshinka, ko da ka manta. Wataƙila ka taɓa sayen tikitin jirgi, ko ka yi rajista a shafin jarida, ko ka sauke wata manhaja, ko ka cike takarda a wajen taron bita. Waɗannan suna da suna da ofishi da mutuncin da suke karewa, kuma idan ka ce su cire ka, galibi suna cirewa, domin rashin yin haka yana jawo musu asara. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun fara aiwatar da ƙa'idoji a kan masu tura saƙonni da yawa. A wajen Google, duk mai tura wa masu Gmail saƙo 5,000 ko fiye a rana dole ne ya tabbatar da cewa saƙon daga gare shi ya fito, ya samar da hanyar fita da latsawa ɗaya, ya cire mutum cikin kwana biyu, kuma kada adadin masu kai ƙararsa ya kai uku cikin dubu. Wanda ya saɓa, saƙonninsa sukan ƙare a akwatin shara, wato Spam, ko a ƙi karɓarsu gaba ɗaya.

Kashi na biyu shi ne na 'yan damfara da masu harbin iska, waɗanda ba su san ka ba, ba ka san su ba. A nan maganar Malam Mai Kafe take daidai ɗari bisa ɗari. Amsar da kake ba su cikin ladabi, Baba, ita ce hujjar da suke nema cewa adireshin yana raye kuma mai shi yana karantawa, kuma adireshi mai rai ya fi tsada a kasuwarsu. Mahaɗin da ke ƙasan saƙonsu kuwa yana iya kai ka shafin jabu da zai nemi kalmar sirrinka. Kai, ko buɗe saƙon kaɗai yana iya sanar da su, domin sukan ɓoye wani ɗan hoto wanda ido ba ya gani, da zarar wayarka ta ɗauko shi sai uwar garkensu ta rubuta cewa wane ya buɗe a lokaci kaza. Shi ya sa yake da kyau mutum ya shiga saitin imel ɗinsa ya zaɓi a riƙa tambayarsa kafin a nuna hotuna.

To, ƙa'idar da nake bi ke nan. Idan na san mai saƙon kuma na tuna hulɗar da ta haɗa mu, ina fita daga jerinsa, amma da maɓallin da Gmail yake nunawa a sama kusa da sunan mai turowa, ba da rubutun da ke can ƙasa ba. Idan ban san shi ba, ba na amsawa, ba na latsa komai, kuma ba na tsayawa a kan gogewa kawai, sai na danna Report spam. Gogewa share tsakar gida ne, gobe iska ta sake kawo wata sharar. Kai ƙara kuwa yana koya wa rariyar da ke tace saƙonni ta gane irinsa, a wajenka da wajen sauran jama'a.

Batun buɗe sabon adireshi kuwa, ban goyi baya ba ga mutum irin Baba. Adireshin da ke ɗaure da banki da fansho ba abin watsarwa ba ne, kuma idan ba a gano ta inda ɗakin yake yoyo ba, sabon ma zai cika cikin shekara biyu.

Tsohon Malami:

Na gode, Injiniya, Allah ya yi albarka. Ashe ni da hannuna nake yi musu iso. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ni ban taɓa sayen komai a wajensu ba, kuma ban san wani a cikin abokaina da ya taɓa saya ba. Ɗan kasuwar da kullum yake tallata haja ba a taya ba, ai kan gaji ya naɗe tabarmarsa. Su waɗannan me yake riƙe da su shekara da shekaru?

Injiniya:

Abin da yake riƙe da su, Baba, shi ne tallan ba ya cin su komai. Mai rabon takardar talla a kasuwar Kurmi sai ya biya kuɗin takarda da na bugu da na yaran da za su raba, don haka dole ya zaɓi wanda zai miƙa wa. Mai tura imel kuwa, saƙo ɗaya da saƙo miliyan kusan kuɗinsu ɗaya ne a wajensa, nauyin yana kan mai karɓa da kamfanin da ke ajiye masa akwati. A 2008 wasu masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya, reshen San Diego da na Berkeley, sun kutsa cikin wata rundunar kwamfutocin da aka kame mai suna Storm don su auna wannan ciniki. A cikin saƙonnin tallan magani kusan miliyan 350 da aka tura a kwana 26, mutum 28 ne kacal suka nemi saye. Wato mutum ɗaya cikin sama da miliyan 12, kuma duk da haka masu sana'ar ba su fasa ba. Kai da abokanka kuna cikin miliyoyin da ba su taya ba, kuma ba ku ake jira ba.

Kwamfutocin da ake turowa da su ma yawanci ba nasu ba ne. Na bayin Allah ne da aka sa wa muguwar manhaja, suna aikin wani ba tare da masu su sun sani ba. A Nuwambar 2008, lokacin da aka yanke wa wani kamfani mai suna McColo da ke Kalifoniya layin intanet saboda a can ake sarrafa irin waɗannan runduna, tarkacen saƙonni a duniya ya faɗi da fiye da rabi cikin kwana guda, amma bayan 'yan watanni ya koma gidan jiya.

Tushen matsalar ya girmi yawancinmu a wannan zaure. Saƙon talla na farko da aka sani an tura shi ne ranar 3 ga Mayun 1978, lokacin da wani jami'in tallace-tallace na kamfanin kwamfuta na DEC mai suna Gary Thuerk ya aika wa mutum kusan 400 a kan ARPANET, wadda ita ce kakar intanet. Ƙa'idar tura imel da ake kira SMTP kuwa an rubuta ta ne a 1982, a zamanin da masu amfani da hanyar ba su da yawa kuma kusan duk sun san juna, don haka ba a tanadi hanyar tabbatar da mai turowa ba. Kamar ambulan ne, kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama a bayansa. Hanyoyin tabbatar da mai turowa da aka ƙaro daga baya, wato SPF da DKIM da DMARC, duk faci ne da ake yi wa wannan tsohuwar riga. A Janairun 2004 Bill Gates ya faɗa a taron tattalin arzikin duniya na Dabos cewa nan da shekara biyu za a gama da matsalar, ga shi kuwa sama da shekara 20 ke nan muna nan muna muhawara a kanta. Abin da aka ci nasara a kai shi ne tacewa. Google ya ce yana tare kusan saƙo biliyan 15 a kullum, kuma fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na tarkace ba ya isowa akwatin mutane. Abin da Baba yake gani raguwar da ta sulale ce, tare da tallan da ya amince da shi bai sani ba.

Hajiya Sakatariya:

Assalamu alaikum. Ni tawa matsalar kishiyar ta Baba ce, kuma ina ganin wannan rariya da Injiniya yake yabo tana da nata zaluncin. Ni ce sakatariyar ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu, muna da mambobi sama da 300. Duk wata nakan tura sanarwar taro da rahoton kuɗi, ina zuba adiresoshinsu duka a layin masu karɓa, in maƙala hoton sanarwa da lambar asusun ƙungiya. Cikin watannin nan fiye da rabinsu suna cewa ba su ga saƙo ba, waɗanda suka duba kuma a akwatin shara suke tsintarsa. Ni ba 'yar damfara ba ce, ba na sayar da komai, me ya sa na'ura za ta shafa mini kashin kaji?

Injiniya:

Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na'ura ba ta san niyyarki ba, kamanni take dubawa. Saƙo ɗaya daga adireshin mutum ɗaya zuwa ga mutum 300, rubutu kaɗan, hoto babba, ga lambar asusu da maganar a tura kuɗi: idan aka ce in zana surar saƙon damfara, da wuya in zana abin da ya bambanta da wannan. Tun 2002, lokacin da Paul Graham ya yaɗa dabarar tacewa ta hanyar lissafin yawan fitowar kalmomi a saƙonnin kirki da na banza, rariyar take koyo daga abin da mutane suka yi da saƙo. Ta yau ta fi waccan wayo nesa ba kusa ba, tana duba tarihin mai turowa da yadda ake karɓar saƙonninsa. Idan mambobi biyar ko shida da suka gaji da sanarwa suka danna Report spam maimakon su gaya miki ki cire su, sun ɓata miki suna a wajen sauran. Wannan shi ne ɗaya dalilin da ya sa na ce a bambanta kashi biyun nan, domin kai ƙarar mai gaskiya cutarwa ce.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Duk wanda ya karɓi saƙonki yana ganin adiresoshin sauran 299. Idan an yi kutse a akwatin mutum ɗaya daga cikinsu, mai kutsen ya samu jerin mutane masu rai waɗanda suka san juna kuma suka saba tura kuɗi zuwa asusun ƙungiya. Gobe sai ya aiko da saƙo da sunanki da wata lambar asusu daban. Mafi ƙarancin gyara shi ne ki riƙa sa adiresoshin a layin Bcc, inda babu mai ganin na wani. Mafi kyau kuma shi ne ki buɗe wa ƙungiyar zauren imel irin Google Groups, kowa ya shiga da yardarsa, ya fita ranar da ya so. Ki rubuta sanarwar da kalmomi a cikin saƙon maimakon hoto kaɗai, sannan ki roƙi mambobi su ajiye adireshinki a cikin jerin mutanensu, wanda ya tsinci saƙonki a shara kuma ya danna Not spam.

Hajiya Sakatariya:

Innalillahi. Shekara huɗu ke nan ina yin haka, ban taɓa kawo wa raina cewa ina raba adiresoshin mutane ba. Zan gyara daga wannan watan. Sai dai ban janye ƙorafina duka ba, domin har yanzu ina ganin bai dace a jefar da saƙon mutum ba tare da an sanar da shi ko an sanar da wanda aka aika wa ba. Ni kam, da a ce mambobina ba su yi magana ba, da har yau ina zaton raina ni suka yi.

Mai Kafe a Samaru:

Tun da an fara tonon silili, bari ni ma in faɗi namu. Yawancin adiresoshin ɗalibai da masu neman aiki a shagunanmu ake buɗe su. Yaro zai zo rajistar jarrabawa ko neman gurbin karatu ba shi da imel, mu buɗe masa a gurguje, kalmar sirri mu sa lambar wayarsa ko shekarar haihuwarsa, mu rubuta masa a bayan rasit. Daga nan sai ya bi duk wani mahaɗi da aka turo a WhatsApp na tallafin gwamnati ko ɗaukar ma'aikata ko kyautar data, ya zuba suna da adireshi da lambar waya. Da yawa daga cikin waɗannan shafuka ba su da wani aiki sai tara bayanan mutane. Na sha ganin akwatin da aka buɗe wata uku da suka wuce ya fi na Baba cika.

Amma ina nan a kan bakana, Injiniya. Abin da ka ce a yi, a zauna a tantance wanda aka sani da wanda ba a sani ba, yana buƙatar ido. 'Yan damfara suna kwaikwayon tambarin banki da na kamfanin waya har ka rantse nasu ne. Dattijo kamar Baba ta yaya zai bambanta? Ni gara in ba shi doka ɗaya wadda ba za ta cutar da shi ba, wato kada ya latsa komai.

Injiniya:

Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓe ta. Idan mutum yana shakka, dokarka ce ta fi aminci. Abin da zan ƙara shi ne bambancewar ba ta kai wuyar da ake zato ba. Sunan da ke bayyana a sama kowa yana iya rubuta shi, don haka a taɓa sunan a ga cikakken adireshin, a duba abin da ya biyo bayan alamar @. Bankin da ya aiko da saƙo daga adireshin Gmail, ko daga suna mai kama da nasa da aka ƙara wa harafi ɗaya, ba banki ba ne. Kuma duk saƙon da ya nemi lambar BVN ko lambar katin cirar kuɗi ko lambar sirrin da ake turowa ta waya, ko ya ce a yi sauri kafin awa 24, an gama magana. Ko da saƙon ya yi kama da na gaske, a rufe shi a buɗe manhajar bankin kai tsaye, ko a taka zuwa reshe.

Barista:

Ina biye da ku tun safe. Tun da an taɓo haƙƙi, bari in sa baki ta fuskar doka. Ƙasashe sun rabu gida biyu. Amurka ta yi dokar CAN-SPAM a 2003, wadda ta halatta a turo maka talla ba tare da izininka ba, muddin ba a yi ƙarya a kan mai turowa da kanun saƙon ba, an sa adireshin ofis na zahiri, kuma an cire ka cikin ranakun aiki 10 idan ka nema. Tarayyar Turai ta bi ɗaya hanyar tun 2002, inda asali sai an nemi yardarka kafin a turo, sannan dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta ƙara tsaurara ma'anar yarda da girman tara. Wannan ne ya sa kamfanonin waje na gaskiya suke mutunta buƙatar fita, ba don kirki kawai ba.

A gida kuwa, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta ambaci satar bayanai ta saƙon jabu da tura tarkacen saƙonni a sashe na 32, da hukuncin ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan ɗaya ko duka biyun. Sai dai game da tarkace, ta ɗaure laifin da niyyar dagula aikin kwamfuta, don haka mai cika maka akwati da talla kawai ba lallai ya faɗa ciki ba. Wadda ta fi kusa da matsalar Baba ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta ba mutum ikon janye yardarsa da ikon ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya, ta kuma kafa hukumar kare bayanai ta NDPC da ake kai wa ƙorafi. Idan kamfanin da ke da rajista a Najeriya ya ƙi cire ka bayan ka nema a rubuce, kana da inda za ka je. A kula, lambar 2442 da hukumar NCC ta fito da ita a 2016 ta saƙonnin tes ce a layin waya, ba ta da iko a kan imel, na ga mutane da yawa suna haɗa su.

Ɗan tsokaci ga masu sha'awa: lambar 419 da duniya ta san mu da ita sashe ne na kundin laifuffuka da ake amfani da shi a Kudu, mu a Arewa kundin Penal Code muke bi. Amma duk wannan bayani bai shafi wanda yake turo maka saƙo daga kwamfutar da ya sata a wata nahiya ba. Shi ba sammaci ne zai same shi ba, sai rariyar Injiniya.

Ɗaliba a Jamus:

Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Abin da Barista ya faɗa ina ganinsa a aikace. A nan idan ka sa adireshinka a wani shafi don karɓar labarai, sai sun turo maka saƙo ka tabbatar da cewa kai ne kafin su fara aikowa, don haka ba wanda zai iya yi maka rajista a bayan idonka.

Ina da dabaru biyu da suka taimake ni. Na farko, ina da adireshi biyu, ɗaya na banki da makaranta da hukuma wanda ba na bai wa kowa, ɗaya kuma na saye-saye da rajistar shafuka. Ina ganin a nan za a sasanta Injiniya da Malam Mai Kafe: Baba ya buɗe sabon adireshin, amma sabon ne zai zama juji, tsohon kuma a share shi a killace. Na biyu, Gmail yana ba ka damar ƙara alamar + da wata kalma bayan sunanka kafin alamar @, saƙon kuma zai iso akwatinka. Idan na yi rajista a kanti sai in ƙara sunan kantin, ranar da tarkace ya fara zuwa ta wannan adireshi na san wanda ya sayar da ni.

Akwai kuma shafin Have I Been Pwned, wanda wani masani ɗan Ostireliya mai suna Troy Hunt ya buɗe a 2013. Idan ka sa adireshinka zai nuna maka ko yana cikin bayanan da aka sace daga wani kamfani. Wani lokaci ba sakacin mutum ba ne. Yahoo da kansa ya amsa a 2017 cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusunsa biliyan uku. Adireshin da ya shekara 14 kamar na Baba, da wuya a ce bai taɓa faɗawa irin wannan ba.

Mai Kafe a Samaru:

Raba adireshi biyun nan na yarda da shi, ƙanwata. Dabarar alamar + kuwa ba ta da ƙarfi, domin wasu shafukan ba sa karɓar adireshi mai alamar, kuma mai wayo yana iya goge abin da ya biyo bayanta ya samu adireshin asali. Tana tona asirin malalacin ɗan talla, amma ba ta tare ɓarawo.

Hajiya Sakatariya:

Ni abin da yake ba ni mamaki da saƙonnin 'yan 419 shi ne rashin dabararsu. Matar wani shugaba da ya mutu ta bar duniya duka ta zaɓe ni in taya ta fitar da dala miliyan kaza, ga Turancin ma duk a karye. Wa zai yarda da wannan?

Injiniya:

Hajiya, akwai mai ganin cewa rashin dabarar ita ce dabarar. Wani mai bincike a Microsoft, Cormac Herley, ya yi rubutu a kan haka a 2012. Hujjarsa ita ce tura saƙon kyauta ne, amma bin wanda ya amsa da hira da kiran waya na makonni yana cin lokaci. Don haka ɗan damfara ba ya son mai hankali ya amsa masa, domin zai ɓata masa lokaci sannan ya gane daga baya. Labarin da ya fi kowanne rainin hankali shi ne yake tace masa mutane, sai wanda kwaɗayi ya rufe wa ido ne kaɗai zai amsa. Sai dai kada mu saki jiki da wannan alama, domin masu kwaikwayon banki da ma'aikatu ba haka suke aiki ba, kuma yanzu da manhajojin rubutu suka yawaita, saƙon jabu yana zuwa da Turanci mai tsabta, har da Hausa.

Tsohon Malami:

Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto bayan kwana tara. Jikata ta zauna da ni ranar Asabar muka bi shawarwarinku. Mun rubuta kalmar unsubscribe a wurin bincike, sai ga shi fiye da rabin tarkacen daga wurare 23 kacal yake fitowa, kuma kusan duk na tuna su: jaridu biyu, wani kantin littattafai, shafukan sada zumunta da ke sanar da ni duk wanda ya yi tari, da wani taron bita da na halarta tun kafin in yi ritaya. Mun fita daga 19 ta maɓallin sama, huɗun da ban gane ba muka kai ƙararsu. Mun duba shafin da 'yata ta Jamus ta ambata, adireshina ya fito a wuri uku, don haka mun sauya kalmar sirri, wadda, Malam Mai Kafe, lambar wayata ce kamar yadda ka faɗa, mun kuma kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kafin a shiga. Jiya saƙo bakwai na tarar, biyar daga ciki na mutanen da na sani ne.

Wani abu kuma da zai faranta wa Hajiya rai: da muka leƙa akwatin shara, mun tarar da saƙon tunatarwa na biyu daga ofishin fansho yana kwance a can tsakanin masu maganin tumbi. Ashe ba tarkace kaɗai ya ɓoye mini na farkon ba, wataƙila rariyar ce ta haɗiye shi. Injiniya, yaya zan yi kada hakan ta sake faruwa?

Injiniya:

Madalla, Baba. Ka buɗe wannan saƙon ka danna Not spam, sannan ka ajiye adireshin ofishin a cikin jerin mutanenka. Don ƙarin tabbaci, jikarka ta buɗe Gmail a kwamfuta, ba a manhajar waya ba, ta shiga saiti ta ƙirƙiri rariya, wato Filter, da adireshin ofishin, ta zaɓi Never send it to Spam, haka ma za ta yi wa na bankinka. Kafin ta yi, ta tabbatar adireshin ya yi daidai da wanda ke kan takardun ofishin, kada a buɗe wa jabu ƙofa. Kuma ka riƙa leƙa akwatin sharar sau ɗaya a mako, domin Gmail yana goge abin da ya kwana 30 a ciki, wataƙila shi ya sa ba ku tarar da saƙon farko ba.

Hajiya Sakatariya:

Alhamdu lillahi, ashe ƙorafina yana da tushe. Ni ma na buɗe zauren ƙungiyar jiya da daddare, zuwa yanzu mutum 112 sun shiga. Injiniya, sauran da ba su amsa gayyata ba, in sake tura musu sau nawa kafin in koma kiran waya?